Saƙonnin ƙauyuka na ta zuwa wurin marigayi Iliya

Zuwa ga Shugaban Sashen Na'urori na kamfaninmu, Yamai.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ni ne Laminu, mai gyaran famfunan hasken rana a reshen Tasawa. Na san tun da abokan hulɗa na waje suka tafi bayan canjin gwamnati, kai kaɗai ke ɗauke da aikin mutum uku, ga wahalar wuta. Wallahi ina tausaya maka, amma dole na yi magana.

1. Dosiyen imel, wato akwatin saƙonnin da muke buɗewa tare, inda sakatarorin gundumomi ke aiko rahoton famfon da ya lalace, ya rufe mana. Na sauya lambar sirri kamar yadda ka ce, na kashe ordinatar, wato kwamfutar, na kunna har ta gaji da ni. Amsa ɗaya take ba ni, wai ba ni da izini.

2. Kai da kanka ka gano dalili. Abokin aikinmu Iliya ne ya buɗe dosiyen da sunansa, shi ya ba mu izinin shiga. Da ya rasu, muna can cocinsu wajen jana'iza, ofis ya rufe asusunsa na imel bisa ƙa'ida, izininmu ya bi shi. Saƙonni kuwa ba su daina shiga ba.

3. Ranar kasuwar da ta wuce wani dattijo ya zo kan babur daga ƙauyen Sarkin Hausa, ransa a ɓace. Famfonsu ya mutu tun kafin azumi, a wannan fari, mata na bin amalanke neman ruwa, awaki na faɗuwa. Ya zo kai ƙarar Iliya ne, wai ya yi girman kai ya daina amsa saƙo. Ni na faɗa masa Iliya ya rasu. Ya cire hula ya zauna a ƙasa, ƙarar ta koma ta'aziyya. Na yi kuka a gabansa, ban ji kunya ba.

Roƙona, ka taimaka ka samo sa hannun darakta a mayar da dosiyen ƙarƙashin sunan reshe. Kafin nan, ko ta waya ka karanto mini sunayen ƙauyukan da ke jira, babur ɗina da mai a ciki. Iliya bai taɓa barin saƙo ya kwana ba, kuma ban san ƙauye nawa ke zaginsa yanzu ba.

Allah ya sauƙaƙa maka aiki, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.
Laminu, Tasawa.