A Ofishin Haraji Na Kasa Cewa Ɗana Ne

Daga admin: wata uwa ce ta turo wannan, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku yi haƙuri da tsawon labarin, tsohuwa ce ni, na haura saba'in, kuma abin ya faro ne tun kafin a haifi yawancinku. Da hannuna nake rubutawa, buga tafireta ce sana'ata a da, yatsun ba su manta ba ko da ido ya fara gajiya.

A shekarun saba'in, ba a daɗe da canza kuɗi zuwa naira ba, mijina na fari ya rasu ya bar ni da ɗa ɗaya namiji. Da na fita takaba sai yayan mijin nawa, wanda kowa ke kira Baffa, ya ɗauki yaron ya tafi da shi gidansa a Rigasa, ni kuma na raɓa a ɗakin wata gwaggona a Kurmin Mashi. Baffa mutumin kirki ne, ya ce duk ranar da na samu wurin da yaro zai kwana in zo in ɗauki abuna. Yaron ɗan fari ne, kuma sunan surukina aka sa masa, kunya biyu ke nan. Mu yadda aka rene mu, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko tambayarta aka yi ba ta cewa nata ne. Ni "yaron nan" nake ce masa. Ranar Asabar nake zuwa, in tarar da shi a bakin ƙofa, in wuce shi in miƙa wa matar Baffa abin da na riƙo, in kalle shi ta gefen ido in tafi.

Aiki ban samu na dindindin ba, wucin gadi nake yi. Duk ofishin da mai buga musu takardu ta tafi hutun haihuwa sai a kira ni in riƙe mata kujera, ta dawo in tashi. A shekara guda ofis uku na zauna, a tsakani kuma zaman gida ne ba ko kwabo. Ko'ina na shiga akawu zai tambaye ni, kina da aure, in ce mijina ya rasu, kina da yara, in sunkuyar da kai in yi shiru, shi kuma ya ja layi ya wuce.

A ofis na uku na haɗu da Madam Rahila, 'yar kudancin Kaduna, ita ke haɗa albashi, mace mai baki amma zuciyarta fes. Ita ta kira ni ta ce harajin da ake yanka mini ya yi yawa. Ta ce kowane ofis lissafi yake yi kamar a wurinsa zan cinye shekara, alhali kusan rabinta ina gida, sannan ana cire mini kamar tuzuru, babu rangwamen da ake yi wa mai yara. Ta tambaye ni wai da gaske ban taɓa haihuwa ba. Da yake daga ni sai ita, na ce akwai wani yaro a Rigasa.

Ta ajiye biro ta ce, "Wani yaro kuma? A hanya kika tsince shi?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan kunya tamu gwamnati ce ke cin ribarta. Ita ta nuna mini yadda zan bi ofisoshin da na baro in karɓo shaidar abin da suka cire. Na sha jeka-ka-dawo, yau an ce fayil ya ɓata, gobe mai sa hannu ya tafi rangadi, takalmina har ya tsinke a hanya. Amma na jure, domin Madam ta ce in aka mayar mini da duka biyun, na watannin da ban yi aiki ba da na rangwamen yaro, zai ishe ni in kama ciki da falo in ɗauko shi.

A ofishin haraji aka ce tunda a gida aka haife shi, babu takardar asibiti, sai in zo da yaron da wani babba daga dangin uba. Baffa ya zo da babbar riga, ya riƙo hannun yaron, an sa masa sabuwar taguwa, lokacin bai wuce shekara shida ba. Ma'aikacin wani saurayi ne, ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Malama, wannan ɗanki ne? Yaya sunansa?"

Baffa na tsaye a gefena, kuma sunan mahaifinsa ake so in faɗa a gabansa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ɗan gidansu ne."

Ma'aikacin ya sake tambaya, ɗanki ne ko ba ɗanki ba ne, akwai mutane a layi. Na yi shiru. Baffa ya ce masa ai kunya ce Malam, ka gane. Saurayin ya ce ya gane sarai, amma mai neman kuɗi ita za ta faɗa da bakinta ta sa hannu, shi ba ya rubuta kunya a fayil. Ya ɗan jira ni, sannan ya ja layi ya kira na gaba.

A hanya Baffa sai yabona yake, wai 'yar mutunci, wai an ga tarbiyya, har Rigasa aka yi ta ba da labari. Bayan watanni aka biya ni na watannin da ban yi aiki ba kawai, bai kai ko'ina ba. Madam Rahila ta yi fushi da ni sosai, ta ce in koma ni kaɗai in gyara, kafin in yi ƙarfin hali mai kujera ta dawo daga hutu, aikina ya ƙare, maganar ta bi ruwa. Daga baya na yi aure a Unguwar Sarki, na haifi wasu yaran, su kam sunansu nake kira har da tsawa. Shi kuma a hannun Baffa ya girma.

Yanzu babban mutum ne, har da furfura. Bai taɓa rage ni da komai ba, shi ya kai ni Makka, shi ke biyan asibiti, sai dai in ya zo gaisuwa ba ya daɗewa, ni kuma na ɗauka halinsa ne. Watan jiya 'yarsa tana falona tana ƙorafin harajin da ake cire mata a aikin kwantiragi, sai na ba ta wannan labarin a matsayin abin dariya, har ina kwaikwayon muryar Madam. Ashe babanta ya shigo, yana jina. Ya bari muka gama dariya, sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Hajiya, ai ina wurin. Sau biyu aka tambaye ki."

Ya ce tun ana gobe Baffa ya gaya masa za a je ofis ne don in ɗauke shi, shi ya sa aka ɗinka taguwar. Ya ce ya san al'ada, ba yaro ba ne yanzu, amma mai shekara shida bai san al'ada ba, abin da ya ji kawai ya ji. Ya yi mini sallama da ladabi kamar kullum ya fita.

Tun ranar bai sake zuwa ba. Direba ke kawo cefane, komai cif, har da ƙari. Matarsa ta zo ta ce wallahi ba fushi yake ba, kawai so yake sau ɗaya ya ji daga bakina, in kira sunansa in ce ɗana ne. Ƙanwata ta ce kar in kuskura, uwa ba ta zubar da girmanta don ɗa ya yi shagwaɓa da furfura. 'Ya'yana mata suka ce Mama suna ne fa kawai. Na kira shi a waya da niyyar in faɗa, ya ɗauka, na ji kaina ina cewa ya gida, ya iyali, ya aiki, ya amsa duka, muka yi shiru, na kashe.

Abin da ya fi damuna shi ne ban ji komai ba. Ban yi kuka ba, ina cin abinci, ina barci, ina kallon labarai. Ina zaune ne kawai kamar mai jiran a kira ta a layi. Ban san ko laifi na yi ba, domin abin da aka koya mini na yi, kuma ranar yabo aka yi mini. Baffa ya rasu, Madam Rahila ta rasu, babu sauran wanda zan ji kunyarsa, amma bakin ya ƙi.

To jama'a ku gaya mini. In rubuta masa a takarda, ya wadatar, ko lallai sai da baki? In je gidansa ne ko in aika ya zo? Sunan nan ba manta shi na yi ba, shekara hamsin da wani abu ina faɗinsa a sujada, Allah ne kaɗai ya taɓa jin sa daga bakina. Abin da nake tsoro shi ne in je, ya tsaya a gabana yana jira, in sake yin shiru karo na uku. In haka ta faru, yaya zan yi?