Kabewar Inna ta ƙi 'ya'ya

Anka, daren Laraba, cikin watan Agusta

Yau ma wata ta faɗi. Cikin furannin kabewa bakwai da na yi wa barbara da hannuna, shida ke nan sun yanƙwane sun zube.

Ban san inda nake kuskure ba. Yadda malamin gona ya nuna mini haka nake yi. Ina idar da sallar asuba sai in tsinko namijin fure, in fige shi, in goga garin nan mai ruwan ɗorawa a cikin macen, wadda ke da ɗan ƙullutu a gindi. Ya ce aikin ƙudan zuma ne, amma feshin magani ya kore su daga unguwar nan.

Wannan ne ƙarshen irin da Inna ta ƙulle a bakin zaninta ranar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauye. Tun kakarta ake shuka shi a gidanmu.

Da la'asar ta same ni tsugune a gindin kabewar da ke bayan ɗakinmu, riƙe da wadda ta faɗi. Ta ce, "Ɗiyata, bar wahal da kanki. Ƙasag ga ba ta san mu ba."

Shekara biyu ita ke ba mu haƙuri, ban taɓa jin ta karaya ba.

Kafin magariba na sake duba yaɗon. Akwai mace guda da za ta buɗe gobe da safe. Na ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya har bakin katanga, ban ga namiji ko ɗaya ba.