Katangar da Aka Ɗaga Ina Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa, Allah Ya sa mu gama lafiya. Don Allah a sakaya sunana. Kuma kafin kowa ya yanke mini hukunci ya daure ya karanta har ƙarshe, don ni ma ban wanke kaina ba. Da ajami na saba rubutu, boko a hankali nake binsa, a yi mini haƙuri.

Ni dattijo ne, a Gyadi-Gyadi nake zaune da iyalina da mahaifiyata, wadda ƙafa ta hana ta fita shekara huɗu ke nan. Maƙwabcina, wanda zan kira Alhaji, mun fi shekara ashirin tare. Katangar da ke tsakaninmu tare muka gina ta, daidai kafaɗar mutum, ta kanta matanmu ke miƙa wa juna kwanon abinci. Tagar ɗakin Inna wannan katanga take kallo, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Ta nan iska ke shigo mata, ta nan take gane hantsi ya yi ta yi walaha. Da Allah Ya kira ni aikin Hajji, Alhaji na damƙa wa amanar gida, a gabansa na ce wa iyalina duk abin da ya taso a gaya masa. Ya kama hannuna ya ce in tafi hankali kwance.

Ranar da na dawo, ina shiga ɗakin Inna na tarar da duhu, da azahar, an kunna mata fitila tana ta fifita. Na leƙa taga sai ga bulo a gaban hancina. Jeri bakwai Alhaji ya ƙara a kan katangarmu, ya ɗora waya mai ƙaya a sama. Inna ba ta yi ƙorafi ba, cewa kawai ta yi yanzu sai ta tambayi lokaci. Iyalina suka ce kwana uku da tashina aka sauke yashi, kuma sun ɓoye mini ne don kada su ɓata mini ibada. Jama'a, wanda ka ba amana shi ne zai jira ka juya baya? Me ya hana shi faɗa mini kafin in tafi?

Ban yi faɗa ba. Na bari 'yan sannu da zuwa suka ragu, na same shi a zaurensa. Ya ce ɓarayi sun yi yawa. Na ce to a rage jeri uku daidai tagar Inna. Ya ce zai duba. Wata biyu yana dubawa, sai na kai maganar wurin mai unguwa. A nan ne, gaban dattawa, ya sauya zance: wai yana da 'yan mata a gida, ni kuma ina da samari. Samarin da matarsa ta goya! Na tashi na fita, amma Allah Ya sani maganar nan ta fi katangar yi mini ciwo.

To ga laifina. Wani da muke sallah tare ya taɓa gaya mini cewa tsayin katanga yana da iyaka a doka, wanda zai wuce sai ya nemi izini. Na zauna na rubuta ƙara zuwa ofishin masu tsara gari, ban sa suna ba. Da boko na rubuta, da gangan, don duk unguwa sun san ni da ajami, ba wanda zai kawo ni a ransa. Jeri uku kawai nake so a sauke, Allah ne shaidata. Amma da ma'aikatan suka zo da abin awo ba su tsaya ga katanga ba. Suka auna gaban gidan, suka ce shagon da ya fitar ya ci hanya, suka shafa masa jan fenti, alamar za a rushe. A shagon nan babbar 'yarsa ke ɗinki, mijinta ya rasu, da keken nan take ciyar da marayu uku. Da safe na ga ta tsaya tana kallon fentin, ta gaishe ni, ta ce, “Baba, a sa mu a addu'a.” Na ce to. Da wane baki zan yi addu'ar?

Jiya bayan la'asar Alhaji ya yi sallama da ni, karo na farko tun zaman mai unguwa. Ya ce ya je ofishin, an ce masa in maƙwabcin da suka haɗa katanga ya sa hannu cewa da yardarsa aka ɗaga ta, za a janye ƙarar a duba maganar shagon da sassauci. Ya ce, “Malam, duk unguwar nan ba ni da kamarka. Wanda ya yi mini wannan na bar shi da Allah. Ranar Litinin ka raka ni.” Na jira ya ambaci Inna, ko ya ce zai rage ko jeri ɗaya. Bai ce ba. Har yanzu bai ga ya yi mini komai ba.

In na sa hannu na yi shaidar zur, don ban yarda ba, ba a ma tambaye ni ba, kuma na rufe wa mahaifiyata taga da hannuna. In na ƙi, ana iya rushe shagon marayu saboda takardar da na rubuta a ɓoye. In kuma na gaya masa ni ne, shi zai zama wanda aka ci amanarsa a idon unguwa, a manta da abin da ya fara yi mini. Na yi istihara sau biyu, zuciyata ba ta tsaya ba.

Yau Asabar. Malamai da 'yan uwa, me zan yi?