Ranar da Kwamfutar Baba ta Kwashe Saƙonnin Gida

Hausari, Nguru

Zuwa ga ƙanena Zakir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mardiyya da yara, ya kuma sauƙaƙa maka karatu da sanyin ƙasar da kake. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Iya ta yi sauƙi har ta koma zuwa kasuwa da kanta, ruwa kuma ya yi albarka bana, Ya Madu ya ce rabonsa da shinkafa irin wannan a fadamar Gashuwa ya manta.

Kwamfutar da ka aiko wa Baba ta iso, kuma ka yi dabara, domin yanzu yana karanta saƙo da manyan baƙaƙe ba sai ya matse ido a waya ba. Sai dai kafin ta zauna mun ga ta kanmu. Ranar Talata na zauna da takardar da ka rubuto, na sa adireshin imel da kalmar sirri, na zaɓi tsarin karɓar saƙo na POP yadda ka ce, Baba na gefena yana sa ido kamar ni ce sabuwar leburarsa. Da muka zo wurin da ake tambaya ko a bar kwafin saƙo a can wurin kamfanin imel ɗin, na fassara masa, sai ya ce atafau. Wai shekara talatin yana akawun kaya a tashar jirgin ƙasa, bai taɓa ganin mutumin kirki ya zo karɓar kayansa ya bar rabi a sito ba. Na san ka ja layi a ƙarƙashin wurin cewa lallai a bar kwafin, amma ka san Baba, wa zai ja da shi? Na cire alamar. Saƙonni suka yi ta zubowa, na shekara shida, yana ta murmushi.

Abin da muka manta shi ne, gidan nan kaf adireshi ɗaya muke amfani da shi, na Baba, wanda ka buɗe masa tun da daɗewa. Washegari da hantsi sai ga wayar autarmu Nuraini daga Gashuwa tana kuka. Asibitin da ta nemi aikin jinya sun aiko mata takardar kiran ganawa, ranar Alhamis da ƙarfe takwas, sai an bugo ta an je da ita, kuma ba sa karɓar hoton waya. Ta je shagon bugawa, ta buɗe imel ɗin a wayarta, ta tarar wayam, kwamfutar Baba ta kwashe saƙonnin duka. Shekara biyu yarinyar nan tana jiran wannan kira.

Na duba kwamfuta, ga takardar nan lafiya. Na ce ta buɗe sabon adireshi nata in tura mata. Na tura, saƙo ya ƙi tafiya, ya maƙale a akwatin fita. Na sake, haka. Na kira ka, kana aji. Kafin in waiwaya Baba ya sa babbar riga, ya ɗauko zanen Iya zai naɗe kwamfutar, wai tasha zai je ya kai ta Gashuwa da kansa, tunda shi ya ɓata. Mutumin da hawa Keke Napep ma sai an riƙe shi! Na roƙe shi ya ba ni zuwa azahar. Na bi takardarka layi-layi da yatsa, sai na ga nawa laifin: sunan hanyar shigowa na kwafa har a gurbin hanyar fita, inda ka rubuta SMTP. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na Baba. Na gyara, na sa lambar da ka bayar, na danna. Ko minti ɗaya ba a yi ba Nuraini ta kira ta ce ya shigo.

Baba ya karɓi wayar. Na zaci faɗa zai yi mata na raki, sai na ji ya ce taurin kansa ne ya kusa jawo mata asara, ta yafe masa. Zakir, shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa jin Baba ya nemi gafarar ɗan da ya haifa ba. Iya ta tashi ta shige ɗaki tana share ido da gefen mayafi, ni ma ban iya zama ba. An yi ganawar, kuma jiya suka kira ta, za ta fara aiki farkon wata.

Iya na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Ya Madu da Yakaka da Kawu Ibram duk suna gaisuwa. Ka gaida Mardiyya, ka shafa min kan Suhaib da Afra. Allah ya dawo mana da ku lafiya.

Yayarka mai ƙaunarka,
Ummu Salma