Ni Na Ɗauki Bidiyon, Aminin Babana Ake Zargi

Daga wata 'yar'uwa a Tamale, ta nemi a ɓoye sunanta.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina. Na san zan sha zagi, ni ma wata biyu ke nan ina zagin kaina, bai rage mini komai ba.

Ni tela ce, shekarata talatin da huɗu, a Kukuo muke zaune. Tun da aurena ya mutu na dawo gidanmu, mahaifiyarmu ta rasu shekara shida da suka wuce, yayyena maza biyu suna Kumasi sai da Salla ake ganinsu, saboda haka ni ce mai girki, ni ce mai wanki, ni ce mai bin Baba da maganin hawan jini yana gudu kamar zan ba shi guba. Baba kayan keke yake sayarwa, taya da tub da sarƙa, ya raba shagonsa biyu ya ba ni ciki na ajiye keken ɗinkina. Kuma shi ne na'ibin limamin masallacin unguwarmu, liman ya tsufa ƙwarai, kusan shekara goma Baba ke jan salla.

Baba yana da amini guda ɗaya tak a duniya, zan kira shi Ticha domin haka kowa ke kiransa. Mutumin wajen Bolga ne, Kirista, ya zo Tamale koyarwa tun yana saurayi har ya yi ritaya, yana zaune a Dungu. Abotarsu ta girme ni. Addininsu ba ɗaya ba, jam'iyyarsu ba ɗaya ba, hatta ƙwallo ba ƙungiya ɗaya suke so ba, abin da ya haɗa su shi ne gardama. Kullum bayan la'asar za ka ji ƙarar tsohon motonsa, wato babur, ya jingine shi a ƙofar shago, Baba ya hura gawayi ya ɗora shayin ataya, shi ke nan an buɗe kotu.

Kuma suna da wata al'ada tasu wadda sai ka fahimce ta za ka gane masifar da na jawo. Ataya zagaye uku ake sha. A kofin farko kowa yana kare abin da ya yarda da shi. Da an zuba na biyu sai su yi musanya, Baba ya ɗauki maganar Ticha ya kare ta da iya ƙarfinsa, Ticha ya ɗauki ta Baba. Wanda ya kare maganar ɗan'uwansa da sanyi-sanyi shi ya faɗi, shi zai sayi sukarin gobe. Kofi na uku ba gardama, sai hirar ciwon gwiwa da tsadar kaya. Baba yakan ce wanda bai iya faɗin hujjar abokin gardamarsa ba, bai san tasa ba, hayaniya kawai yake yi.

Ina ciki ina taka keke ina jinsu, wani lokaci har in ɓata ɗinkin mutane don dariya. Sun taɓa kwashe mako guda a kan ruwan nan da ake hangowa a kan kwalta da tsakar rana idan ka miƙi hanyar Bolga, Ticha ya ce tunda ido yana rantsuwa da ruwan da babu shi, bai kamata a ɗaure mutum da shaidar ido ba, Baba ya ce to a rufe kotu a koma shaidar hanci. Sun yi a kan masu moto da ke keta jar wuta idan ba ɗan sanda, wai doka doka ce ko tsoron mai kaki ne kawai muke kira doka. Sun yi a kan shanun da suka shiga gonar masara a Gumani, laifin saniya ne, ko na makiyayi, ko na garin da ya cinye burtali ya gina gidaje. Zancen yaƙi ne kaɗai suke yi ba dariya, domin dukansu sun ga tashin hankali da idonsu suna samari. Ticha ya ce babu yaƙin da aka taɓa ci, wanda ya fi yawan gawa ne kawai ake kira ya faɗi, Baba ya ce akwai zaman lafiyar da ya fi yaƙi muni idan an danne mutum an ce ya yi shiru. Lokacin zaɓe kuwa sai ka ga Baba a kofi na biyu yana yabon jam'iyyar da ya tsana har jijiyar wuyansa na tashi.

Ranar da tsautsayin ya faɗa, a kan addini suke. An zuba kofi na biyu, Baba ya gyara hula ya shiga rigar Ticha, yana cewa ai addini gado ne, da a gidan fada, limamin Kirista, aka haife shi da yanzu yana coci yana waƙa, to da wane baki zai ce nasa ne kaɗai gaskiya. Ticha kuma yana jiran nasa lokacin ya kawo masa ayoyin da ya haddace a bakin Baba. Abin ya ba ni dariya, na taso na tsaya bayan kujerar Ticha a bakin ƙofa na ɗauka da waya. Ban kai minti ɗaya ba kwastoma ta shigo, na kashe, ban ɗauki amsar Ticha ba, ban ɗauki inda aka ce a yi musanya ba. Na tura grup ɗinmu na tsofaffin 'yan aji, na rubuta ku ga tsofaffina da abinsu. Da na idar da sallar magariba jikina ya ba ni na goge, ashe bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Kwana uku bidiyon ya zagayo ya dawo Tamale, an cire rubutuna an sa wani, wai ku ji abin da mai jan ku salla yake faɗa. Har yau ban san wanda ya fitar ba, na tambaya a ɓoye kowa ya rantse. Kwamitin masallaci suka kira Baba, ya yi musu bayanin kofi na biyu, dattawa biyu da suka san zaman suka ce gaskiya ne, amma samari suka ce kalmar kafirci ba a wasa da ita ko da ataya ko ba ataya, kuma gani ya kori ji, ga fuska ga murya. Baba ya ce a kira Ticha ya ba da shaida, aka ce ba a karɓar shaidarsa a irin wannan magana. Ƙarshe aka ce ya dakata da jan salla, kuma ya sake kalmar shahada a gaban jama'a. Dattijo mai shekara sittin da takwas ya miƙe bayan sallar asuba ya maimaita shahada a gaban yaran da shi ya koya musu alwala. Ina sahun mata ina ji ta bayan labule, wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Na yi niyyar faɗa masa a ranar. Na kai masa koko da ƙosai, na durƙusa, bakina ya buɗe, sai ya riga ni. Ya ce cire shi daga limanci bai dame shi ba, a sahun baya ma Allah yana ji, abin da ke cinsa shi ne wanda ya ɗauki hoton nan a zaune yake tare da shi, kuma bai yafe ba duniya da lahira. Sai na haɗiye maganata. Ku kira shi tsoro, tsoro ne, ban da wani suna da zan ba shi.

Su kuma mutanen unguwa ba su sha wahalar neman mai laifi ba. Bidiyon daga inda Ticha ke zama aka ɗauke shi, fuskarsa ba ta fito ba, dariyarsa ce ta fi kusa da waya, ga ɗansa yana yi wa jam'iyyarsu aikin yaɗa labarai, Baba kuma ya fito fili ya goyi bayan wani ɗan takarar asambuli, wato kansilan unguwa, wanda ba nasu ba. Aka haɗa biyu da biyu. Ni da nake cikin shagon ba wanda ya ko kalle ni, wa zai zargi 'ya da tona wa ubanta asiri. Baba ya yi mako yana ƙin yarda, kullum ana zuwa ana zuba masa, har maganar ta shige shi.

Ranar da Ticha ya zo, Baba bai hura gawayi ba. Ina zaune a kan kekena, tsakanina da su bai fi taku uku ba.

Baba ya ce, “Ticha, tambaya ɗaya zan yi maka, ba gardama a ciki. Kai ne?”

Ticha ya ɗaga kai ya dube ni, kallo ɗaya, sannan ya mayar da idonsa kan Baba. Ya ce, “Malam, ba zan amsa wannan ba.”

Baba ya ce, “To ka amsa ke nan.”

Mutumin da bai taɓa barin wata tambaya ta wuce shi ba, ya tashi ya tura motonsa har bakin titi kafin ya tayar. Ni kuma na sunkuyar da kai ina gyara zaren da bai tsinke ba. Tun daga ranar bai sake takowa ba.

Baba ya canza. Yana buɗe shago yana rufewa, yana zuwa masallaci ya tsaya a ƙarshen sahu ya fita kafin a shafa addu'a. Idan rediyo ya kawo labarin yaƙi ko na 'yan siyasa sai ya kashe. Abinci sai na yi da gaske. Sau biyu na kai shi asibiti jininsa ya hau, likita ya ja ni gefe ya ce a kiyaye duk abin da zai tayar masa da hankali. Wannan maganar ta likita ita na riƙe nake fakewa da ita, kuma na san fakewa nake yi.

Makon jiya na kasa daurewa na hau yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, na tafi Dungu. Na tarar da shi yana ɗaure littattafansa a kwali, ashe 'ya'yansa sun matsa ya koma ƙauyensu, da can yana ƙi saboda Baba, yanzu ya ce ba abin da ya riƙe shi. Na durƙusa ina kuka zan fara bayani, ya ce in tashi, ya sani tun ranar, ya ji ƙarar wayar a bayan kunnensa. Hausarsa irin ta mutanen can ce, mace ma kai yake ce mata. Na ce masa, Baba Ticha, zan je in faɗa wa Babana yau ɗin nan, ƙarya ce ake zaune a kanta, kuma ku ne kullum kuke cewa gaskiya ta fi komai.

Ya ce, “Gaskiya a bakin ataya daban ne, ɗiyata. Ka saurare ni. In Malam ya yi fushi da ni, yana da gida da zai koma, kai za ka ba shi abinci ka ba shi magani. In ya yi fushi da kai, ina zai koma? Hannun wa zai karɓi ruwa?”

Na ce to shi fa, sunansa da aka ɓata, ana kiransa munafuki a unguwar da ya koyar da rabin mutanenta. Ya yi dariya, ya ce shi tafiya zai yi, suna ba ya bin mutum har ƙauye. Ya juya ya ci gaba da ɗaure kwalin. Ya roƙe ni kada in faɗa, har ya ce in na faɗa na ɓata masa sadakar da ya yi wa amininsa. Na fito daga gidan na shiga uku fiye da yadda na je.

Yanzu ga inda nake, gaba kura baya sayaki. Idan na faɗa, na saɓa wa wanda ya rufa mini asiri da mutuncinsa, kuma ban san me zuciyar Baba za ta yi ba idan ya gane 'yarsa ce ta kunyata shi, ta zauna tana kallo ya kori amininsa. Limancin ma ba lallai ya dawo ba. Idan na yi shiru, dattawan nan biyu za su rabu ke nan, ɗaya ya mutu yana riƙe da wanda bai yi masa komai ba, ɗaya ya mutu da sunan maci amana, ni kuma in ci gaba da tuƙa tuwo da rashin yafewar ubana a kaina, shi bai ma san a kan wa ya sauka ba. Malamai na cikin grup, shin wannan rashin yafewar ya kama ni ko da bai san ni ce ba? Kuma alƙawarin da Ticha ya ɗora mini, dole ne in riƙe shi?

Jiya da safe Baba ya miƙo mini wayarsa, ya ce in cire masa lambar Ticha, shi bai iya ba, kuma duk lokacin da zai kira wani sai ya ga sunan. Ina karɓa ya dafa kaina ya ce, “Allah ya yi miki albarka, ke kaɗai kika rage mini da ba na shakka.” Na shiga ciki na zauna da wayar a hannu, na fito na ce masa na cire. Ban cire ba, tana nan.

Ranar Asabar motar kayan Ticha za ta tashi, yau Laraba. Don girman Allah jama'a, wanda ya taɓa cutar da iyayensa ba da niyya ba ya faɗa mini yadda ya yi. In bar shi ya tafi da laifina, ko in durƙusa gaban Baba in ce ni ce? Idan faɗa zan yi, da wace kalma ake farawa?