Jirgi Da Matar Gida

Rotterdam, 3 ga Nuwamba

Yaya Jannetje,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki da sauƙi. Ki jinjina mini mijinki Riekelt, gwarzon imani! Gwamnati ta ce dole kowa ya sayi inshorar lafiya, shi ya ce dogaro ga kamfani rashin yarda da Ubangiji ne, har aka ba gidanku takardar keɓewa. Ni mai tallan kifi ina na kai nan? Sai dai Inna ta ce ƙullutun da ke ƙirjinki ya girma, likita na son yin aiki kafin Kirsimeti, asusun da kuke tarawa kuma ya ƙare. Dokar da yake zagi ta hana kamfani korar mara lafiya. Ki je ki sa hannu.

Ƙanenki,
Lub

Urk, 9 ga Nuwamba

Lub,

Salamar Ubangiji ta tabbata gare ka. Bakinka na nan yadda na san shi. Riekelt dattijon ikkilisiya ne, cikin shugabannin cocinmu. Ranar da sunana ya shiga inshora, ranar za a sauke shi daga kujerarsa. 'Yan'uwa suna ta karo-karo. Wanda ya ba da ciwon ya san maganinsa. Ka bar maganar.

Yayarka,
Jannetje

Rotterdam, 12 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Karo-karon zai kai bazara, ƙullutun zai jira? Tun da kin ce in bari, ga ɗaya. Bara da injin jirginsa na kamun kifi ya ƙone, wa ya biya? A wurin gwanjon kifi na haɗu da ma'aikacin inshorar, har gahawa na saya masa. Ashe katako da ƙarfe suna da kariya, uwar 'ya'yansa ce aka bar wa addu'a.

Lub

Urk, 20 ga Nuwamba

Ƙanena,

Ba labari ka ba ni ba. Banki ya ƙi ba da rancen jirgin sai da inshora, ni na sa hannu da sunana don hannunsa ya zauna da tsabta. Na karanta masa wasiƙarka a kan tebur. Ko abincinsa bai taɓa ba. Jiya da safe ya ɗauko mota ya kai ni ofishin inshorar lafiya. Na ce ya jira a waje. Ya ƙi, ya shiga, shi ya miƙo mini biro. Za a yi aikin ranar Talata ta sama. Dattawa kuma za su zauna a kansa ranar Litinin. Kada ka yi masa dariya.

Jannetje

Rotterdam, 22 ga Nuwamba

Yaya,

Ba zan yi ba. Ina tafe da kyafaffen kifi, ki ce masa na cire masa hula, wannan karon da gaske. Amma dattawan nan masu zama a kansa, nasu jiragen da sunan matan wa aka rubuta su?

Naki,
Lub