Ƙullin Salimatu Ya Kashe Mini Ƙafa a Jirgi

Anti Sharifa, ki taimake ni kafin in yi abin da zan yi nadama, don wallahi raina a ɓace yake. Ni mai sayar da waakye ce, wato shinkafa da wake, a unguwar Nima ta Accra, bana Allah ya kira ni Makka. Maƙwabciyata Salimatu, wadda muka ci yunwar tamanin da uku a kwano ɗaya, ta kawo mini ƙullin garin rogo da kwalaben shito, soyayyen yajinmu, in kai wa ƙaninta a Jidda. Nauyi kamar dutsen niƙa! Ta ce kada in yarda ya shiga cikin kaya, kwalabe za su fashe. Haka na rungume shi a cinya tun daga Accra, ko ruwa ban sha ba don kada alwalata ta karye.

Muna sama sai ƙafafuna suka mutu, yatsun hannuna kamar kiyashi na yawo ciki. Da muka sauka na miƙe, sai ga ni a ƙasa rim, zane a gefe, gaban alhazan unguwar Maamobi kaf! Ni? Ni da ko trotro, motar hayarmu, bai taɓa kada ni ba? Na tabbata an sa hannu a ƙullin nan, baƙin ciki Salimatu take yi na riga ta zuwa Makka. Tunda na dawo ko zamzam ban ba ta ba. Ɗanta Jamiu na neman 'yata, yarinyar na son sa, sai kuka take, amma na rantse Juma'ar nan zan mayar musu da goronsu. Ko na yi laifi?

Hajiya Mai Waakye, Nima

Hajiya, barka da dawowa. Eh, kin yi laifi, kuma babba. Abin da ya same ki minjirya ce, babu hannun kowa. Kin zauna a takure tun daga Accra, ga nauyi ya danne jijiyoyin cinya, hannuwa a ƙanƙame, jini bai sami hanya ba, kika kuma hana kanki ruwa. Ko buhun dabinon Madina kika ɗora, haka za ki faɗi. Alwala idan ta karye ai sabuntawa ake yi.

Wani karon ki sa kaya sama, ki sha ruwa, ki riƙa motsa yatsu, ki tashi ki ɗan taka. Idan har yanzu kina jin mutuwar, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ki tafi asibiti yau, a duba har da suga.

Salimatu ba ta kyauta ba da ta jibga miki kaya, kuma kunyar faɗuwa da ciwo, na sani. Ki faɗa mata wannan ido da ido. Amma ki dawo daga ɗakin Allah ki yi wa aminiyarki ƙazafi? Haba, Hajiya! Macen da za ta cuce ki ba ta raba kwano da ke a shekarar yunwa ba.

Ki bar goro inda yake, ki yi kaffarar rantsuwarki, ki ɗauki zamzam ki ƙwanƙwasa ƙofarta kafin Juma'a. Allah ya karɓi aikin Hajjinki, ya nuna mana bikin yaran nan.

Anti Sharifa